Ciwon Jijiyar Ƙoƙon Gwiwa: Yadda Ɗan Wasa Zai Yi Jinyarsa Har Ya Koma Fili

Tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini daga 'yan ƙwallon raga, 'yan kwando, masu tsaron gida, har da masu tsere: "Malam, na huta wata biyu ciwon ya tafi, ina komawa fili ya dawo kamar jiya na bari. Me zan yi?" Amsar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na jera ta a nan.

Abin da ke ciwon wata jijiya ce mai kauri, irin agara, wadda ta taso daga ƙasan ƙoƙon gwiwa ta kama kan ƙashin ƙwauri. Duk tsallen da ka yi, duk dirar da ka yi, duk birkin da ka taka kana tsakiyar gudu, ta kanta nauyin yake bi. Idan aikin da ake ɗora mata ya fi abin da aka shirya ta a kai, sai ta fara ƙorafi. A wani bincike da aka yi a Norway a 2005, kusan 45 cikin 100 na manyan 'yan ƙwallon raga da kusan 32 cikin 100 na 'yan kwando suna ɗauke da wannan ciwo, saboda haka ba kai kaɗai ba ne.

Hutu yana kwantar da zafin, amma yana ƙara raunana jijiyar da tsokar cinya. Abin da ke gyara ta shi ne a ɗora mata nauyi, a tsare, kashi-kashi. Ga yadda ake yi.

Mataki na 1: Ka tabbatar shi ne

Ka miƙe ƙafarka a kan tabarma, ka saki cinyar, ka sa ɗan yatsa a daidai tsinin ƙasan ƙoƙon gwiwa ka danna. Mai wannan ciwo da yatsa ɗaya yake nuna wurin, ba da tafin hannu ba. Ciwon yana tashi ne idan an ɗora wa gwiwar aiki, kamar tsalle, tsugunno ko saukowa daga bene, kuma yana lafawa da zarar an daina. Sau da yawa yana damunka a farkon atisaye, idan jiki ya ɗau zafi ya yi sauƙi, washegari kuma ka tashi da shi fiye da jiya. Wannan sauƙin na tsakiyar wasa shi ne ke yaudarar mutane su yi ta bugawa har shekara.

Idan ciwon ya bazu ko'ina a gaban gwiwa, ko yana can bayan ƙoƙon, ko gwiwar tana kumbura ta tara ruwa, ko tana maƙalewa, to wata matsalar ce daban. Haka yaro ɗan shekara 10 zuwa 15 da ke da wani ɗan tudu mai ciwo a saman ƙashin ƙwauri: wannan na wurin girman ƙashi ne, jinyarsa daban ce, kada a ɗora masa wannan tsari.

*Gargaɗi:* kada ka fara komai, ka nufi asibiti a ranar, idan ka ji wani abu ya yi ƙara a gwiwar sannan ka kasa ɗaga ƙafar a miƙe, ko ƙoƙon ya haura sama an ga rami a ƙarƙashinsa. Alamar tsinkewar jijiya ce, aikin tiyata ne, kuma jinkiri yana ɓata shi. Haka idan gwiwar ta yi zafi rau ga zazzaɓi, ko ciwon yana hana ka barci ba tare da ka yi aikin komai ba. Mai sikila ma ya fara ganin likitansa.

Ko da ka gamsu shi ne, ka je likitan fisiyo ya duba ka ko sau ɗaya ne. Akwai sashen a Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai a Shika, Sakkwato da Maiduguri, da yawancin manyan asibitocin jihohi. A Nijar kine ake ce musu. Hoton sikanin ko MRI ba dole ba ne a farko. Ana samun jijiyar da hoto ya nuna ta lalace amma mai ita ba ya jin komai, ana kuma samun wanda ya warke sarai hoton bai canza ba. Kuɗin nan gara ka ajiye shi don zuwa jim, wato gidan motsa jiki mai injunan ɗaga nauyi.

Wani abu kuma. Sunan da muka saba kiran fannin fisiyo da shi, gashin ƙashi, ya sa mutane suna zuwa da tsammanin za a kunna musu fitila mai zafi, a shafa mai, a murza, su tafi gida. Idan ka yi zuwa goma ana gasa ka kawai ba a taɓa sa ka ɗaga nauyi ba, ka tambayi dalili.

Mataki na 2: Ka haɗa kayan aiki

Ba su da yawa, kuma galibinsu suna nan a gida.

- Katako mai gangara. Ka sa kafinta ya yanko maka allo mai ƙwari, tsawon santimita 40, ya ɗaga baki ɗaya da santimita 17. Wannan zai ba ka gangara ta kusan digiri 25. Ya manna masa tsohuwar robar taya a sama don kada ka zame.
- Ɗamara mai faɗi wadda ba ta miƙewa, kamar tsohon bel ɗin kujerar mota ko majanyi mai ƙwari. Igiya siririya tana cin bayan gwiwa.
- Jakar goyo da abin nauyi. Ledar fiya-wata mai ƙulli 20 kilo 10 ce. Jarka mai lita 25 cike da ruwa kilo 25 ce.
- Benci ko dakali mai tsayin da bai kai gwiwa ba.
- Agogon waya, da ƙaramin littafi da biro.

Inda kuɗi zai fita da gaske wuri biyu ne: ganin fisiyo, da kuɗin jim na wata uku idan ka kai mataki na 6. Ba sai ka je fisiyo kullum ba. Zuwa ɗaya a farko, sannan duk sati biyu zuwa huɗu a duba ci gaba a gyara maka nauyi, ya wadatar ga mafi yawan mutane, tunda aikin kai ne za ka yi shi.

Mataki na 3: Ka kafa gwajin safiya

Wannan shi ne alƙalin duk abin da zai biyo baya, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa.

Kowace safiya, a lokaci guda, misali bayan ka dawo daga sallar asuba, ka hau katakon da ƙafar da ke ciwo, dunduniya a sama, yatsu suna kallon gangara. Ka dafa bango da yatsa, ƙirji a miƙe, ka lanƙwasa gwiwar a hankali zuwa inda ka saba tsayawa, ka taso. Sau ɗaya ko biyu kawai. Sai ka ba wa zafin maki daga 0 zuwa 10, inda 0 babu komai, 10 kuma shi ne mafi tsananin da ka sani. Ka rubuta makin, ka rubuta abin da ka yi jiya a gefensa.

Ƙa'idar ita ce: zafi har zuwa 3 a lokacin atisaye ba laifi ba ne, ba ɓarna kake yi ba. Abin dubawa shi ne safiyar gobe. Idan makin ya koma inda yake kafin atisayen, jijiyar ta karɓi aikin, ka ci gaba. Idan ya haura kuma bai sauko cikin awa 24 ba, ka yi mata yawa, ka rage.

*Kuskuren da aka fi yi a nan:* danna wurin da yatsa kullum don a ji ko ya warke. Jijiyar tana iya ci gaba da jin zafin dannawa bayan ta koma aiki lafiya. Ka bar ta, gwajin katako ya ishe ka.

Idan fisiyonka ya ba ka wata takarda mai tambayoyi 8 da ake kira VISA-P, wadda makinta ke tashi daga 0 zuwa 100, inda 100 ke nufin gwiwa lafiya ƙalau, ka cike ta sau ɗaya a wata. Ba ta nuna canjin kwana biyu, amma tana nuna na wata.

Mataki na 4: Ka rage kaya, kada ka ajiye gaba ɗaya

Daga yanzu har ka cika sharuɗɗan mataki na 7, ka cire abubuwan da ke sa jijiyar aikin miƙewa da tsukewa da sauri: tsalle, dira, gudu mai tsanani, birki da juyawa, sauka gangara da gudu. Tafiya, tuƙa keke a shimfiɗaɗɗiyar hanya da sirdi a sama, iyo, da atisayen ƙirji da hannuwa duk ka ci gaba da su. Ɗan kwando zai iya jifan raga a tsaye, ɗan raga zai iya aikin karɓa da ba da ƙwallo ba tare da tashi sama ba. Ka sanar da koci tun yanzu cewa maganar watanni ce, don kada ya riƙa sa sunanka duk Asabar.

A gida ma akwai abin lura. Dogon tsugunno yana matse jijiyar a jikin ƙoƙon, haka doguwar zama a mota gwiwa a naɗe. Idan za ka yi tafiya mai nisa ka nemi kujerar da za ka iya miƙe ƙafa. Wajen salla, ka ninka dardumar ko ka sa soso a ƙarƙashi, ka sauka sujada da hannuwa suna tallafa maka maimakon ka faɗa kan gwiwa. Kada kuma ka yi ta jan cinya da ƙarfi kana kai dunduniya mazaunai da sunan miƙa jijiya. A wannan lokacin yana ƙara fusata ta ne.

*Gargaɗi kan magunguna, ka karanta shi sau biyu:*

Diclofenac da ibuprofen za su iya rage zafi na 'yan kwanaki, amma ba sa gina jijiya, kuma idan ka sha kafin wasa ka toshe bakin mai gaya maka gaskiya ne. Tramadol kuwa kada ma a fara.

Allurar sitiroyid a gefen jijiyar tana ba da sauƙi mai daɗi na 'yan makonni. A gwajin da aka yi a Denmark a 2009, waɗanda aka yi wa allurar sun ji daɗi da farko, amma zuwa wata shida sun koma baya, alhali masu ɗaga nauyi sun riƙe sauƙinsu. Ga kuma haɗarin raunana jijiyar.

Na uku shi ne wanda ba a cika sani ba. Ciprofloxacin da danginsa, irin su ofloxacin da levofloxacin, waɗanda ake miƙo wa mutum a kyamis da zarar ya ce taifot, an san suna iya jawo ciwon jijiya har da tsinkewarta. Idan likita zai rubuta maka maganin ƙwayoyin cuta, ka gaya masa kana jinyar jijiya. Idan dole sai shi, ka dakatar da nauyi mai yawa da tsalle, ka nemi shawararsa kan lokacin komawa.

Na taɓa ganin wani matashi ɗan ƙwallon raga da ya zo da tsaga jere a zagaye da ƙoƙon gwiwarsa, wasu sun warke wasu ɗanyu, an ce masa mataccen jini ne ya taru. An yi ƙaho sau uku, an ɗaure ƙafar da karare sati biyu. Da na sa tef na auna cinyoyinsa, mai ciwon ta rame har ido yana gani, jijiyar kuma tana nan yadda take. Masu ɗori suna da aikinsu, amma a nan babu abin da ya karye ko ya goce da za a ɗora.

Mataki na 5: Riƙe nauyi ba motsi

Wannan za ka fara shi tun ranar farko, tare da mataki na 4. Manufarsa ita ce a kwantar da zafi kuma a hana cinya zubewa.

Ka zagaya ɗamarar a jikin ginshiƙi ko ƙarfen taga mai ƙwari, a daidai tsayin gwiwa, ka shiga ciki ta zauna a bayan ƙafafunka biyu, ƙasa kaɗan da lanƙwasar gwiwa. Ka ja baya har ta ɗame. Yanzu ka zauna a iska kamar akwai kujera a bayanka. Ƙwaurinka ya tsaya tsaye cak, ƙirjinka a miƙe, kada ka sunkuya gaba. Ka sauka gwargwadon inda zafin bai wuce 3 ba, ka tsaya a nan daƙiƙa 45. Ka huta minti 2. Ka maimaita sau 5. Ana iya yi sau biyu ko uku a yini.

Idan kana yi daidai, zuwa daƙiƙa 30 cinyarka za ta fara rawa tana zafi kamar an sa mata barkono. Wannan zafin tsoka ne, shi ake nema. Idan ka gama 45 kana hira da waya a hannu, ka ƙara sauka ko ka goya jaka. Wanda bai iya kaiwa 45 ba ya fara da 20 ko 30. Ka riƙa numfashi, kada ka riƙe shi.

Mai zuwa jim zai iya yin irinsa a injin miƙe gwiwa: ƙafa ɗaya, gwiwa a rabin lanƙwasa, nauyi kimanin kashi 70 cikin 100 na iyakar ƙarfinsa. Jingina da bango a zauna a iska ma yana yi idan babu ɗamara, sai dai bai kai ta kama cinya ba.

Wasu suna jin sauƙi nan take bayan sun gama, wasu ba sa ji. Rashin jin sauƙin ba ya nufin bai yi aiki ba. Da zarar za ka iya yin tsugunno mai motsi da ɗan nauyi zafin bai wuce 3 ba, ka wuce gaba. Yawanci sati ɗaya ne zuwa uku. Kada ka tare a nan don yana da daɗi.

Mataki na 6: Nauyi mai yawa, a hankali

A nan ainihin jinyar take, kuma a nan ake gajiya a gudu.

Tsarin da aka gwada a Denmark sati 12 ne, sau uku a sati, ana tsallake kwana ɗaya a tsakani. Kowane atisaye zagaye huɗu, hutun minti 2 zuwa 3 tsakaninsu. Kowace sauka daƙiƙa 3, kowace tasowa daƙiƙa 3. Yawan maimaitawa yana raguwa, nauyi yana ƙaruwa:

- Sati na 1: sau 15
- Sati na 2 da 3: sau 12
- Sati na 4 da 5: sau 10
- Sati na 6 zuwa 8: sau 8
- Sati na 9 zuwa 12: sau 6

Abin da ake nufi da "sau 10" shi ne nauyin da ba za ka iya ɗaga shi sau 11 da kyau ba. Idan ka gama goma kana jin za ka iya ƙara biyar, nauyin ya yi kaɗan, wasa kake yi. Jijiya ba ta canzawa da nauyin da bai dame ta ba.

A jim ka zaɓi uku: tsugunno da ƙarfe a kafaɗa, injin tura nauyi da ƙafa, da injin miƙe gwiwa. Da farko kada ka sauka can ƙasa, ka tsaya wajen digiri 60, daga baya ka kai 90, wato cinya ta kusa kwantawa daidai da ƙasa. Shawarata ita ce biyu daga cikin ukun ka yi su da ƙafa ɗaya. Dalili kuwa, lafiyayyar ƙafa ɓarauniya ce, tana karɓe aikin ba tare da ka sani ba. Sai mutum ya yi wata biyu yana alfahari da nauyin da yake ɗagawa, a raba ƙafafun a ga mai ciwon ko rabi ba ta iyawa.

Idan babu jim a kusa, ga na gida. Ka sa ƙafa mai ciwo a gaba, ɗayar a baya a kan benci, ka goya jaka, ka sauka ka taso da ƙirga uku-uku. Sannan hawa dakali da ƙafa ɗaya da saukowa a hankali, jarka a hannu. Sannan tsugunnon ɗamara na mataki na 5, amma yanzu da motsi da kaya a baya. Gaskiyar magana, na gida yana kai mutum wani wuri ne ya tsaya. Ɗan wasa mai kilo 75 da ke son komawa tsalle zai wuce ƙarfin jarka cikin wata guda ko biyu. Daga nan ko dai ka haɗa ƙarfe da siminti irin na 'yan unguwa, ko ka biya jim.

Ƙirgan nan na uku-uku ka riƙe shi da gaske. Ka sa wani ya ƙirga maka da baki, ko ka sa manhajar bugun lokaci a waya. Duk wanda aka bari da kansa, zuwa zagaye na uku ya koma faɗawa ƙasa da zabura sama, wanda kuma shi ne ainihin abin da muke guje wa a yanzu.

Ka ƙara biyu a kowane zama, don gwiwa ba ita kaɗai take dira ba. Ɗaga dunduniya da ƙafa ɗaya a bakin matakala, a tsaye da kuma a zaune da nauyi a kan gwiwa, saboda sharaɓa ce ke fara karɓar nauyin dira. Sai ɗaga ƙugu daga kwance da ƙafa ɗaya don tsokar mazaunai. Ka kuma gwada idon sawunka: ka sa babban yatsa kimanin santimita 10 daga bango, ka kai gwiwa ta taɓa bangon ba tare da dunduniya ta tashi ba. Idan ta ƙi kaiwa, musamman a ƙafar da ka taɓa yin targaɗe, ka gaya wa fisiyo, domin ƙagaggen idon sawu gwiwa yake tura wa aikinsa.

Ranakun da ba na nauyi ba, ka yi riƙon daƙiƙa 45 ɗin nan. Da azumi ka mayar da zaman nauyi bayan buɗe-baki ko bayan tarawihi. Ka ci abin gina jiki, ƙwai, wake, kifi, nono, awara, abin da ya samu, ka kuma yi barci.

*Gargaɗi:* wajen sati na 5 zuwa 7 zafin yakan ɓace a harkokin yau da kullum, sai mutum ya ɗauka ya warke. Wani da nake bi ya kai sati na bakwai makinsa na safiya ya sauko 1, littafinsa tsaf. Ranar wata Lahadi abokai suka ja shi wasan sada zumunci na bikin abokinsu, wai minti ashirin kawai zai buga. Ya buga casa'in, a filin da ya bushe kamar dutse. Litinin ya rubuta 6 a littafin, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Sati uku muka yi kafin mu dawo inda muke. Idan irin haka ta same ka, ba komawa farko za ka yi ba: ka koma riƙo ba motsi na kwana biyu zuwa huɗu, ka rage nauyi kaɗan, ka ci gaba.

Za ka ji wasu suna ba da tsohon tsari na sauka a kan katako mai gangara da ƙafa ɗaya, sau 15 zagaye uku, safe da yamma, har sati 12. Yana aiki ga wasu, amma yana da zafi, kuma bai dace da wanda ke tsakiyar kakar wasa ba. A gwajin da aka yi a Rotterdam ta ƙasar Holan, wanda aka fitar a 2021, an kwatanta shi da tsarin hawa mataki-mataki irin wannan. Bayan sati 24, kashi 43 cikin 100 na masu bin matakai sun koma wasa a matsayinsu na da, a ɗaya ɓangaren kuma kashi 27. Ka lura da adadin da kyau: ko a ɓangaren da ya fi, bayan kusan wata shida fiye da rabi ba su gama komawa ba. Duk wanda ya ce maka sati biyu, kuɗinka yake so.

Mataki na 7: Koma wa tsalle

Sharaɗi biyu kafin ka fara. Makin safiya ya zauna a ƙasa da 3 na makonni, kuma ƙarfin ƙafar ya kusa kamo 'yar'uwarta. Ma'aunin da ake amfani da shi ga masu wasan tsalle shi ne mutum ya iya tura kusan ninki ɗaya da rabi na nauyin jikinsa da ƙafa ɗaya a injin turawa, sau 8 zagaye huɗu.

Tsalle kwana ɗaya cikin uku ake yi, saboda jijiya tana buƙatar kwana biyu zuwa uku kafin ta farfaɗo daga irin wannan aiki. Ranar farko tsalle, ta biyu riƙo ba motsi, ta uku nauyi, sai a sake zagayowa.

Ka bi wannan jeri, kada ka haura sai wanda kake kai ya wuce zama biyu ko uku ba tare da makin safiya ya motsa ba: tsallen igiya da ƙafa biyu, tsalle zuwa kan dakali ka sauko da tafiya, tsalle sama ka dira da ƙafa biyu, tsalle gaba, dirowa daga dakali, sannan duk waɗannan da ƙafa ɗaya, sannan gudu da taka birki, daga ƙarshe gudu da juyawa kwatsam. Ka ƙirga dirarka ka rubuta. Ka fara da kamar 20 zuwa 30 a zama guda. Ka fara ƙara yawa kafin ka ƙara tsayi ko sauri, kuma kada ka ƙara biyun a rana ɗaya.

Ka saurari ƙarar ƙafarka. Dira mai kyau ba ta da ƙara: kan yatsu ne ke fara taɓa ƙasa, idon sawu, gwiwa da ƙugu su lanƙwashe tare. Idan ana jin tim daga nesa, ko gwiwar tana faɗawa ciki, ka tsaya ka gyara. Ka sa aboki ya ɗauke ka bidiyo daga gaba da gefe, za ka ga abin da ba ka ji.

*Gargaɗi:* yawancin filayen kwando da raga da muke da su siminti ne. Ka fara tsallenka a kan ciyawa ko ƙasa mai ɗan laushi, ka koma siminti daga baya, da takalmin da tafinsa bai mutu ba.

Mataki na 8: Shiga cikin 'yan wasa

Atisaye kafin gasa, rabi kafin cikakke. Ka fara da rabin zaman horo, sannan cikakke, amma kada ya wuce sau uku a sati a watan farko, kuma ba a jere ba. Sai ka yi cikakken horo na sati biyu zuwa uku lafiya kafin ka karɓi riga, ita ma ka fara da minti 15 zuwa 20. Gasar da ake buga wasa uku cikin kwana uku ba taka ba ce a bana.

Ɗaurin roba da ake sawa a ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa yana rage wa wasu zafi lokacin wasa. Idan yana maka, ka sa. Ƙanƙara bayan wasa da tausar cinya ma haka. Babu ɗayansu da zai maye gurbin nauyi, wanda za ka ci gaba da ɗagawa sau biyu a sati muddin kana wasa. Lokacin da ciwon ya fi dawowa shi ne bayan dogon hutu, kamar hutun ƙarshen kaka ko na salla, mutum ya kwanta sati huɗu sannan ya faɗa horo safe da yamma. A hutun ma kada ka ajiye ƙarfen.

Wanda kuma yake tsakiyar kaka ba halin tsayawa, abin da zai iya shi ne riƙe ciwon kada ya ƙaru: riƙon daƙiƙa 45 kafin horo, nauyi sau biyu a sati nesa da ranar wasa, rage yawan tsalle a horo, gwajin safiya kullum. Cikakkiyar jinya sai an tashi daga kaka.

Mataki na 9: Idan wata uku sun wuce babu canji

Kafin ka ce tsarin bai yi ba, ka buɗe littafinka ka duba abu uku: shin nauyin ya yi nauyi da gaske, shin kana satar wasa a gefe, shin ka yi zama uku a sati ko kuwa ɗaya da rabi. Mafi yawan lokuta amsar tana cikin ukun nan. Idan duk ka cika su, ka koma a sake duba ka, don wataƙila tun farko ba jijiyar ba ce, kuma a nan ne hoto yake da amfani.

Za a iya yi maka tayin injin bugun jijiya da igiyar sauti, ko allurar da ake haɗawa daga jininka. Suna da tsada, kuma gwaje-gwajen da aka yi a kan wannan jijiya ba su nuna sun ƙara wani abin kirki a kan atisaye ba. Tiyata ita ce ta ƙarshe. A wani gwaji na Norway a 2006, waɗanda aka yi wa aiki da waɗanda suka yi atisaye kawai sakamakonsu ɗaya ne bayan shekara guda. Shi ya sa likitocin ƙashi ba sa kawo maganarta sai mutum ya yi aƙalla wata shida yana jinya ta gaskiya ba ta yi ba. Ranar da za ka je ganin likitan, ka tafi da littafin makinka na safiya da na nauyin da ka ɗaga, domin shi ne abin da zai fara tambaya.